Ɗigon Hawaye

Shekara talatin na riƙe littafin kuɗi
a wani shagon katako a Duluth,
shi ya sa ranar da Arvid ya jawo ta ƙofar gida,
ɗaure a bayan tsohuwar motarmu,
ban tambayi komai ba sai nawa.

Dala dubu goma sha huɗu.
Ya faɗa yana shafa gefenta
kamar mai lallashin ɗan maraƙi.

Wai tirela ce, ana ce mata ɗigon hawaye,
gaba ya tasa, baya ya zube.
Na ce sunan ya dace,
wanda ya biya shi zai zubar.

Ba a miƙewa tsaye a cikinta.
Da rarrafe ake shiga, mu da muka haura sittin,
wando ma a kwance ake sa shi.
Madafa tana waje, a baya, sai an ɗaga murfi,
kana suyar ƙwai, sauro yana suyarka.
Ban-ɗaki kuwa, ga daji, ga tocila.

Na zauna da fensir.
Ɗakin otal a bakin hanya dala casa'in,
da ruwan zafi, da tawul, da ƙofa mai tsayin mutum.
Kuɗin nan kwana ɗari da hamsin da biyar ne.
Ga tantinmu a gareji, bai yi wa kowa laifi ba.
Arvid ya ce ba laifin tanti ba ne,
gwiwarsa ce ta daina shiri da ƙasa.

Yau shekara uku, mun kwana ashirin da uku a ciki.
Raba da kanka.
Ɗari shida da 'yan kai kowane dare.
Wata biyar tana kwance ƙarƙashin tamfol,
dusar ƙanƙara ta yi mata rawani,
inshora tana cin rabonta, ana tafiya ko ana zaune.

Dare na sha tara ne ya ɓata mini lissafi.

A bakin tafkin Superior, sama da Grand Marais,
muka yi cacar baki kan bashin ɗanmu Leif.
A gida mun san yadda ake yi:
shi ya nufi gareji, ni in hau bene.
Shekara takwas kowa da ɗakinsa
tun da minsharinsa ya fi ƙarfin haƙurina.
Amma nan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya,
rufin yana amsawa taƙi biyu bisa goshinmu.
Na juya masa baya, bayana ya taɓa nasa.
Na matsa, bango ya ce iyakarki ke nan.
Fushi yana son fili,
ba a ba shi ko kamu ɗaya ba.

Can cikin dare ya ce, Marlys, ƙafarki da sanyi.
Na ce ba ruwanka.
Ya ɗora tasa a kai.
Muka gama maganar Leif a cikin duhu, a hankali,
har tagar nan mai faɗin faranti ta yi fari.

Wannan a wane layi zan rubuta shi?
Ban ce ta ci kuɗinta ba.
Har gobe ina cewa an cuce mu da dubu huɗu,
ƙofar hagu kuma tana yoyo.

Makon jiya wasu saurayi da budurwa daga Minneapolis
suka tsaya, suka zagaya ta, suka taya dubu goma sha ɗaya.
Tayi ne mai kyau, na fi kowa sani.
Na ce su yi haƙuri, maigidan ba ya nan.

Yana nan.
Yana cikinta, yana barcin rana,
takalmansa a jere bakin ƙofa,
ya bar mini gefen da ba ya yoyo.