Gwangwani Na Goma Sha Ɗaya

A Matanzas, gidanmu na kallon teku,
gishirin iska na cin ƙarfe kamar gara,
ko cokali ka manta a taga, sai ya wayi gari ja.

Babana Leovigildo bai taɓa yar da noti ba.
Gwangwanayen kofi goma sha bakwai
jere kan katako, bayan ƙofar kicin:
wannan na ƙusoshi, wancan na wosha,
ɗaya na sifirin da ya cire
daga agogon da ya tsaya kafin a haife ni.

Inna Onelia takan ce, "Kai mutumin nan,
ni ka aura ko bola?"
Ya goge maiƙo a wando, ya yi dariya:
"Ajiya maganin wata rana."

Ranar kuwa takan zo.
Injin wanki ya mutu, ya zare masa zuciya,
ya ɗaura mata fukafukai uku, ta tashi fanka.
Robar murfin tukunyar wake ta tsage,
ya yanko wata daga tsohon tiyub na keke.
Maƙwabta su shigo da dutsen guga a hammata,
su fita da shi da zafinsa,
su bar masa ayaba biyu a kan tebur.

Ya rasu a watan Mayu.
Ƙanena Yosvani ya ce a kira mai sayen ƙarfe.
Na ce a bari tukuna. Ban san dalili ba.

Daren jiya, cikin zafin Agusta,
aka dawo da wuta, fankar ta ƙi juyawa,
sai gurnani take.
Inna na juyi a gado, sauro na shagali.
Na ɗauko sukundirebansa mai tsagaggiyar ƙota,
na buɗe cikinta. Boris ya cinye.

Gwangwani goma na zazzage a ƙasa.
A na goma sha ɗaya, can gindi,
ƙunshe cikin guntun jarida da ya sha mai,
ga ɗan'uwansa, da rubutun fensir:
"Na fankar Onelia, in ta gaji."

Sau uku ina saka shi a baibai.
A na huɗu ya zauna.
Iska ta taso, ta ɗaga labule,
Inna ta ce daga cikin duhu, "Leo?"
sannan ta yi shiru.

Tsohon boris ɗin da na cire,
na goge shi da bakin riga,
na jefa a gwangwani.
Ya ce ƙwal.