Mai Wuya

A garkar Nomau, can gangaren Tawa,
bayan rijiyar da bakinta ya zube,
akwai gwaba ɗaya da ba ta da 'yar'uwa.
Mai Wuya ake ce mata.
Kakana ya ce uwarsa ta zo da ƙwayar
ƙulle a bakin zane.
Daga ina? Bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

'Ya'yanta ba su da kyan gani:
sama a tsuke, ƙasa a buɗe,
kamar ƙaramin gora,
fata kore mai ɗigon tsatsa.
Ko ta nuna ba ta sake riga.
Baƙo yakan wuce ya ce ɗanya ce.
Jemage kaɗai ba ya ruɗuwa,
sai Nomau,
da ke danna babban yatsa a gindin wuyan,
ya kai hanci, ya yi shiru,
ya ce: jibi.

Jibin, in ka gatsa,
cikin ja-ja ne kamar dasashin jariri,
da ɗan tsaki-tsaki a kan harshe.
Tsami ke fara sallama,
zaƙi na baya, yana jan takalmi,
in ya zauna kuwa sai la'asar.
Ƙwayoyin ba su cika goma ba,
na sha ƙirga su a tafin hannu.

Amma ba ta son tafiya.
Kwana biyu a kwando ta yi tabo.
Wani mai kamiyo ya gwada kai ta Yamai,
a Dogon Dutsi ya juye wa awaki.

Bara Asumana, ɗan baffana,
ya kawo dashe masu aure,
manya, sumul, kowacce kamar 'yar'uwarta.
Ya auna inuwar tsohuwar da taki,
ya ce fangali shida na albasa ke kwance a nan.
Ban ce ya yi ƙarya ba.
Ni ma na ga buhun gero ya yi ƙasa.

Nomau yanzu ba haƙori.
Da cokali nake kankaro masa.
Jiya ya mamula, ya daɗe,
ya ce na yi gaggawa da kwana ɗaya.

Na ajiye ƙwaya bakwai a kwalin ashana.
An ce ƙwaya ba lalle ta maimaita uwa ba.
To.
Gatarin yana wajen maƙeri,
sai ran kasuwa za a karɓo.