Ƙusoshi Shida

Likitan Igbobi ya ɗaga hoton ƙashina
ya haska shi a fitila:
ƙusoshi shida da farantin ƙarfe,
sai ka ce ƙyauren shago aka gyara.
Ya ce, Tasalla, tafiya kam za ki yi,
judo kuwa ki yi masa sallama.
Na ce to.
Bakina ne kawai ya ce to.

Da ma a tabarmar gasa na karye, da sauƙi.
Danfo ce, ran Laraba, a gangaren gadar Oshodi,
ta kwashe ni da ɗan acaɓa
ta zubar gaban mai gasa masara.
Farar rigata a cikin kwata.
Baƙar ɗamarata wani yaro ya tsinto
ya miƙo mini da hannu biyu.

Wata tara a ɗakinmu na Agege.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanukan Inna su yi rawa,
ni ina ƙirga tabon yoyo a silin.
Baba ya dawo daga rumfar goro
ya zauna bakin gado, ko uffan,
ya ɓare ɗaya, ya ba ni ɓarin da ya fi girma.

Sista Nkechi ba ta san Allah sarki ba.
Lanƙwasa. Ƙara. Ƙara dai.
In zage ta da Hausa, ta rama da Ibo,
gwiwa na sakin faɗin yatsa ɗaya a mako
kamar mai biyan bashi da ƙyashi.

Ran da na koma Surulere
Koci Adebimpe ba ta ko dubi tabon ba.
Ta jera ni cikin yara masu farar ɗamara,
ta ce, faɗi.
Na faɗi sau ɗari a ranar.
Ta ce, ƙafar ta warke tuni,
tsoron ƙasa ne bai ɗoru ba.

Yau ga zauren ya cika, fankoki sun gaza.
Abokiyar karawata ta san labarina,
idonta na kan hagu,
ni ma da ni ce ita, nan zan nema.
Ta kawo shara.
Na ji ƙusoshin shida sun yi gyaran murya,
na jira ƙarar da na sani.
Shiru.
Sai na juya kwankwaso
na ɗora ta a bayana kamar buhun goro
na sauke.

Zinare ya tafi Delta.
Tagulla aka rataya mini.
Baba ya auna ta a tafin hannu
yadda yake auna kaya kafin ya yi tayi,
ya ce, ƙarfe na takwas ke nan,
wannan dai a waje yake.

A hanyar gida gwiwa ta fara tsuka.
Na ce wa direba ya ɗaga gilashi,
ruwa na zuwa.
Ya leƙa sama, ya yi tsaki.
Ba mu kai Ikeja ba aka tsuge.