Fawar Keke a Sorata

Motar La Paz ta sauke ni ƙafafu a sanƙare,
sifana biyu a aljihu, buhu a hammata.
Dutsen Illampu na can sama da farar hularsa,
bai ce mini sannu da zuwa ba.

Don Eleuterio ya turo keken daga ɗakin dankali,
kore ne, amma ƙasa ta cinye rabin koren.
"Shekara tara yana gangarawa da baƙi," in ji shi.
Na yi gum.
Mai saye ba ya yabo, sai kaya sun shiga buhu.

Ni ba hawa na zo yi ba, fawa na zo yi.
Mahauci in ya dubi sa
ba takunsa yake kallo ba, cinya yake aunawa.
Kekuna uku na bari rataye a shago:
ɗaya ba birki, ɗaya ya karya gaba,
na ukun yana jiran giya tun kafin damina.

Na kifa shi, ƙafafu sama.
Na juya tayar baya, na kafa ido:
tana rangaji kaɗan, irin na wanda ya sha ya ƙi yarda.
Na ja kaca, ta taso ta bar haƙora,
haƙoran kuwa sun fiƙe kamar na zarto.
Wannan ta gama aiki, ko kyauta ba na so.
Na kasa kunne a cibiyar taya,
boris na gudu lumui, ba tsakuwa a muryarsa.
Na goge lambar da ke ƙarƙashin ciki da yawu,
ta yi daidai da ta tsohon rasit.
To, ba na sata ba ne.

Na miƙar da shi, na danne gaba da ƙirjina,
ya nutse, ya dawo a hankali,
zoben mai siriri ya bari a ƙarfe.
Birki kuwa, kai! Yatsa ɗaya ya ishe shi.
Na haɗiye murna don kada fuska ta tona ni.

Can kusa da wuya, inda walda ta haɗa ƙarafa,
farcena ya faɗa wani layi.
Tsagewa.
Na rufe ta da babban yatsa, na yi shiru,
na ajiye ta sai an zo ciniki.

Tsohon ya kama hannuna, ya ja shi ƙasa.
"Basilia, ta nan ta fi tsawo.
Ranar da ya tsage, ni ma gwiwata ta tsage.
Kada ki bari ɗan kowa ya hau firam ɗin nan."

Ya ƙwace mini makami ina ji ina gani.
Ya ce ɗari tara. Na buɗe baki in ce biyar,
sai na ji bakwai ta fito.
Ya ce a bar shi haka.

A tsakar gidan na kwance shi,
kaji na zagaya noti suna zaton masara.
Yana zaune a kan akwati, yana miƙo mini tsumma.
"Wa zai samu birkin?"
"Wata yarinya mai kai burodi daga El Alto."
"Ki gaya mata na hagu ya fi saurin cizo."

Firam ɗin na bar masa.
Matarsa ta riga ta jingina shi da katanga,
wai wake zai samu abin hawa.

Yanzu mota na nishi a kan tudu,
buhu tsakanin ƙafafuna yana ƙara a kowace kwana,
ƙarfe na bugun ƙarfe.
Yaron da ke gefena ya tambayi me na ɗauko.
Na ce keke.
Ya leƙa, ya dube ni, ya matsa jikin taga.