Buhun Ladan

Haliru ya dawo makaranta da tambaya a baki,
ko takalmi bai tuɓe ba:
"Baba Tsoho, ƙaƙa ƙasa guda ka zama ita kaɗai babba a duniya?"
Na rage muryar rediyo.
Na ce gobe da asuba raka ni Ramin Kura.

Warin albasa ya tarbe mu tun daga bakin titi.
Na nuna mai rumfa mai jan kwano.
Can da, na ce, manya huɗu ne a kasuwar ga.
Biyu sunka kama faɗa kan kayan Goronyo,
wannan ya karya farashi, wancan ya karya nasa,
har wuta ta ci rumbunansu.
Ladan na ƙetaren gulbi, hayaƙi bai kai mai ba,
yana ba kowanensu buhu da igiya bashi.
Da toka ta huce
littafinsa kaɗai ne bai ƙone ba.

Saura shi da Gidado na Wurno.
Shekara arba'in ba su taɓa ɗaga ma juna hannu ba,
sai dai 'yan dakonsu su fasa kawuna a tasha.
Gidado ya tara manyan motoci don ban tsoro
alhali rufin rumbunsa na yoyo.
Albasa daga cibiya take fara ruɓa, Haliru,
ɓawon na nan da sheƙinsa.
Wata safiya ɗiyansa goma sha biyar
kowa ya ja rabonsa ya yi gaba.
Ba kada shi anka yi ba.
Zama ya yi, ya kasa tashi.

Yanzu buhun Ladan shi ne buhu.
In ya yi tari, farashi ya girgiza a Illela.
Manomin da bai taɓa ganin fuskarsa ba
da awonsa yake lissafin takin bana.
Har karin hularsa samari sun kwaikwaya.

"Ke nan har abada?" in ji yaron.

Ban amsa ba.
Ladan na kan kujera, ido ja don rashin barci,
yana latsa albasa ɗaya-ɗaya da babban yatsa,
yana shinshinawa.
Can bayan rumfarsa, inda ba ya waiwaye,
wata mata na ɗinka ƙananan buhuna,
layi ya fara tsawo a gabanta.