Icce Tun Yana Ɗanye

A gidanmu na Rafin Daɗi
akwai kofin silba mai lotsattsen baki.
Da shi Sada ke shan koko
shekara goma sha tara ke nan.
Ran da Gwaggo Turai ta zuba masa a na roba,
ya tashi bai karya ba.
Ta ce, "Yaron nan turke ne, an yi sake,
icce tun yana ɗanye ake tanƙwarawa."

Hanya guda yake bi zuwa shagon ɗinki:
ya ratsa lungun masu awara,
ya bar Gobarau a hagunsa,
yana ƙirga sandunan wuta, ashirin da uku.
Da aka haƙa kwalbati, aka datse lungun,
bakin ramin ya tsaya har azahar
yana murza gefen rigarsa,
yara na dariya, manya na wucewa.

Ni ce Barira, mai bi masa. Tawa daban:
hankalina fara ce da aka kwance wa buhu.
In ɗora tukunya, in tafi neman ashana,
in tsinci kaina ina warware tsohuwar hula.
Amma in zare da allura suka kama ni,
ko ƙauri, ko kiran Inna sau bakwai,
ba ƙi na yi ba, wallahi ban ji ba.
A fizge ni daga nan
kamar a ɗaye ɓawon gyambo ne.
Sai a ce, "Ita ma haka take, ba ta juyuwa."

Likita ya raɗa wa abin suna.
Na Sada galahanga,
nawa wani dogon Turanci
da Inna ta ninke ta tura ƙarƙashin katifa.
Unguwa dai sunan da ta sani
taurin kai, ba ta neman ƙarawa.

To, wa ya ƙirga lanƙwasar da yake yi?
Janaretan maƙwabci ƙusa ne a kunnensa,
ya zauna ya yi ɗinki.
Hannun kowa wuta ne a tafinsa,
ya miƙa ya yi musabaha.
An ce ya dubi idon mai magana,
ya duba, har zancen ya zube masa.
Ranar sunan ɗan Lawandi
ya sa shadda mai sitaci tana cizonsa kamar ƙaiƙayi
tun hantsi, bai ce uffan ba,
sai da dare na ji shi bayan ɗaki yana rawar ɗari.
Wanda ya wuni a duƙe cikin gidan da ba tsawonsa ba,
kofin nan ne kaɗai wurin miƙewa.

Gwaggo kuwa ba ta shan fura
sai ta Indo mai zama Ƙofar Guga.
Malam Abashe, shekara talatin
gurbi ɗaya a sahun gaba, jikin taga.
Nasu sunansa dattako.
Namu ne ke bukatar gyarawa.

Dare na uku bayan haƙa ramin,
na ɗauki tsinke na zana masa ƙasa:
nan famfo, nan mai faci, nan za mu karya kwana.
Ya tambaye ni sau huɗu, na amsa sau huɗu,
ni da ba na iya zaman minti biyar.
Da safe ya sha kokonsa, ya kife kofin.
Muka fita, yana gaba, leɓensa na motsi.
A ƙofar shago ya juyo, ba idona ya duba ba, kafaɗata:
"Talatin da ɗaya. Sun ƙaru da takwas."
Ya shiga ya hau keke.

Sai a nan na tuna na bar wake a wuta.
Na kwasa da gudu ta tsohon lungu,
na ci karo da ramin,
na tsaya, ni ma, ina dubawa.