Gaisuwa Ma Kuɗi Ce

Rumfata tana bakin hanyar Aujara:
faifan sola ɗaya, ramin caji goma sha biyu,
da benci mai ƙafa uku, dutse ne ta huɗun.
Duk wanda ɗansa ya ƙetare ruwa ko rairayi
nan yake zuwa jiran murya.

Inna Hansai ta fi kowa naci.
Autanta Tanimu yana wankin mota a Jidda.
Da can kati yake saye ya kira layinta kai tsaye,
ita kuwa ba ta san gaisuwa ma kuɗi ce ba:
ina wuni, ina gajiya, ina zafin can,
ya maigidan naka, ya iyalinsa,
ya ƙafar nan da ka ce tana damunka,
kafin ta kai ga zancen katangar da ta zube
sai ƙit.
Riyal goma ya ƙare a lafiya lau.
Ta harari wayar
kamar akuyar da ta cinye mata shanya.

Na ce, Inna, ga dabara.
Filashin biyu za ki yi, ki katse tun bai ɗauka ba.
Shi kuma ya bar ƙona kati,
ya jira wayifai ɗin masaukinsu.
Isharsu ai kusan magaribarmu ce.
Ya kira ta Wasaf a babbar wayata,
datar ɗari biyar sai ku gaji da juna.

Sai dai sabis ɗin garinmu ɗan ra'ayi ne.
Ba ya shiga rumfa.
Yana can zaune bisa surin bayan firamare,
sai ka hau, ka dubi gabas, ka ɗaga hannu
kamar ɗalibin da ya san amsa.
Na ga mai shekara saba'in a kan suri,
ta ci ɗamara da gyale,
tana kana ji na, kana ji na,
jakin Malam Barau yana kallonta.
Murya takan makara a hanya.
Ta yi tambaya, ya yi tambaya,
su yi karo a tsakiyar Bahar Maliya,
su yi shiru tare,
su sake farawa tare.

Da damina ta zauna, suri ya yi santsi,
na ce mu koma saƙon murya.
Danna nan, riƙe, faɗi abin da ke ranki,
babu mai katse ki,
in sabis ya ga dama ya ɗauka ya kai.
Ranar farko ta yi sallama,
ta tsaya jiran a amsa.
Minti guda cur muka tura masa na shiru.

Daga baya ta gwanance.
Minti bakwai, minti tara:
kuɗin tiyar gero, haihuwar Talatuwa,
taki ya yi tsada, katangar dai tana nan a ƙasa,
kuma kar ka riƙa kwana ba ka ci ba.

Wata Laraba hadari ya tsare ta a rumfa.
Ta ce, Ɗanliti, danna mini.
Na danna. Ba ta ce komai ba.
Ta miƙa wayar sama, kusa da kwano,
ruwa yana dukansa kamar ana sussuka.
Da hannunta ya gaji ta ce,
tura masa, can ba su samun irin wannan.

Amsa ta iso cikin dare, da safe muka buɗe.
Daƙiƙa biyar.
Numfashi, ƙarar fanka,
sai: Inna, ƙaro.

Ranar ban karɓi kuɗin data ba.
Ta yi ta faɗa, na yi kamar ina gyaran waya.
Da ta tafi na tarar da ƙwan zabi uku a kan benci,
ta tokare su da cajar wani
don kar su gangara wajen dutsen.